Abin Da Tsibirin Gore Zai Koya Mana Game Da Ganuwar Zazzau

A ranar Juma'a, 11 ga watan Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama kuma suka jikkata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya karɓi shahadarsu. An yi jimami, an yi ta'aziyya, daga nan hankali ya koma kan yadda za a sake gini. Sai dai akwai tambayar da ba a tsaya a kanta ba yadda ya kamata: idan ginin da ya fi kowane gini daraja a ƙasar Zazzau, wanda yake a ƙofar fada, wanda dubban mutane ke shiga kowane mako, zai iya kaiwa ga wannan hali, to me ake tsammani ga ganuwa da tsofaffin zaurukan da ke cikin lunguna, waɗanda ba mai waiwayarsu?

Ra'ayina shi ne, a ƙasar nan mun ɗauka cewa da zarar an rubuta sunan wuri a takardar gwamnati an ce kayan tarihi ne, to an gama kare shi. Alhali rubutun mafarin aiki ne kawai. Abin da ke riƙe tsohon gini shi ne kulawa ta shekara-shekara, da gwanayen da suka san sirrinsa, da mutanen da ke zaune kusa da shi suna ganin amfaninsa. Domin in fito da wannan magana fili, zan ɗauki misali daga wani ɗan ƙaramin wuri a Afirka ta Yamma wanda ya yi nasara a inda muke tuntuɓe, wato tsibirin Gore na ƙasar Senegal.

Gore yana cikin Tekun Atlantika, kimanin kilomita 3 daga gaɓar birnin Dakar, tafiyar minti 20 a jirgin ruwa. Tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuma kimanin mita 350, mazaunansa ba su kai 2,000 ba. Unguwa guda a cikin birnin Zariya ta fi shi yawan jama'a. Asalinsa aman wuta ne: narkakken dutse ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ba a san mutum ba, ya daskare ya zama baƙin dutse mai tauri. Da wannan dutse aka yi harsashi da bangon yawancin tsofaffin gidajen tsibirin. Turawan Fotigal sun isa wurin a 1444, daga baya mutanen Holan suka riƙe shi, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingilishi ma suka karɓe shi a lokuta daban-daban kafin ya koma hannun Faransa. Abin da ya sa ake ta kokawa a kan wannan ɗan tsibiri shi ne kyakkyawar mashigar jiragen ruwa da yake da ita, da kuma cinikin da ake yi ta wurin, har da cinikin bayi zuwa nahiyar Amurka.

Mashahurin gininsa shi ne wanda ake kira Gidan Bayi, da aka gina a wajejen 1776, mai ƙananan ɗakuna masu duhu a ƙasa da wata ƙofa da ke fuskantar teku. Akwai kuma tsohuwar ganuwar soja da aka mayar gidan adana kayan tarihi, da coci na 1830, da masallacin dutse na ƙarshen ƙarni na 19 wanda ke bakin ruwa. A nan ne kuma makarantar horar da malamai ta William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1937, makarantar da ta yaye da yawa daga cikin shugabannin farko na ƙasashe renon Faransa, ciki har da Diori Hamani na Nijar.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ayyana tsibirin a matsayin wurin tarihi tun 1944. Senegal ta sanya shi cikin kayan gadon ƙasa a 1975. A 1978, lokacin da hukumar UNESCO ta buɗe kundin wuraren tarihi na duniya da wurare 12, Gore yana cikinsu. Amma waɗannan takardu da kansu ba su ɗaga dutse ko ɗaya ba. Abubuwa uku ne suka mayar da su aiki.

Na farko, ƙa'ida ta shiga rayuwar yau da kullum. Babu mota a tsibirin, kowa da ƙafa yake yawo. Mai gida ba ya rushe tsohon bango ya ɗora abin da ya ga dama ba tare da izini ba. Na biyu, an sami mutumin da ya mayar da wurin aikin rayuwarsa. Boubacar Joseph Ndiaye ya riƙe Gidan Bayi daga 1962 har zuwa rasuwarsa a 2009, kusan shekara 47 yana karɓar baƙi yana ba su labari, daga 'yan makaranta har zuwa manyan duniya. Nelson Mandela ya ziyarci gidan, Fafaroma John Paul na Biyu ya je a 1992, shugabannin Amurka Bill Clinton da George W. Bush da Barack Obama sun je tsibirin a 1998 da 2003 da 2013. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, kuma da dama daga cikinsu na ganin adadin bai kai yadda ake faɗa wa baƙi ba. Wannan jayayya ba ta rage wa wurin komai ba, sai ma ƙara jawo masu bincike da ta yi. Na uku, mazauna tsibirin suna ci daga tarihinsa: masu jagorar baƙi, masu masauki, masu abinci, masu zane da masu sayar da kayan hannu. Wanda tukunyarsa ke tafasa saboda tsohon bango ba zai zuba ido a rushe shi ba.

Duk da haka Gore bai tsira daga barazana ba. Teku na cin gaɓarsa, gishirin iska na cin ƙarfe da katako, wasu manyan gine-ginen gwamnati na zamanin Turawa sun daɗe a yashe. Wannan shi ne abin lura a gare mu. Idan ginin baƙin dutse, wanda duniya ta zuba wa ido, yana buƙatar gyara ba fashi, ina ga ginin ƙasa da ke shan ruwan damina na wata biyar, a garin da ruwan sama ke kai kimanin milimita 1,000 a shekara?

Mu dawo gida mu duba abin da muke da shi. Ganuwar Zazzau, wadda al'ada ke danganta ƙarfafa irinta da Sarauniya Amina, ta zagaye fili da tsawon da ya haura kilomita 14. Sunayen ƙofofinta na bakin kowa: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Galadima da Ƙofar Jatau. A yammacin gari ga dutsen Kufena da kufan tsofaffin mazaunansa. A kudu ga Turunku, inda ake danganta sarautar Bakwa a ƙarni na 16. A Maigana akwai tsohon masallaci na zamanin Haɓe. A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew, ginin ƙasa na salon Hausa da aka yi a 1929. A Tukur-Tukur akwai ginin kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Alhaji Abubakar Imam ya fara shirya wa tun 1939, da ɗimbin littattafan da suka raini rubutun boko na Hausa. Mu da ke zaune a Tudun Wada muna tsakiyar waɗannan abubuwa, muna wuce su safe da yamma.

Shi kuwa Masallacin Juma'a, an gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma aikin Muhammadu Durugu ne, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Ya ɗaga rufi mai faɗi da ƙasa da azara kawai, ta hanyar bakan gizo da ɗaurin guga, ba ƙarfe ba siminti, ginin kuma ya tsaya kusan shekara 190. Masanin gine-gine Dmochowski, ɗan ƙasar Polan, ya auna shi ya zana shi daki-daki, har aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Jihar Bauchi, wanda shi ma ake danganta shi da Babban Gwani, yana cikin wuraren farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1956. Har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Ta fuskar tsufa da yawa da bambancin iri, abin da Zazzau ke da shi ya ninka na Gore.

Ta fuskar takarda ma ba a bar mu a baya ba. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi a Nijeriya. A 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da doka mai lamba 77. Ganuwar Zariya da dutsen Kufena da masallacin Maigana duk suna cikin jerin wuraren da doka ta kare. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1972 tun 1974. Amma zuwa yau wuraren da suka fi shahara daga ƙasar nan a kundin duniya su ne Sukur a Jihar Adamawa, 1999, da kurmin Osun na Osogbo, 2005. Ganuwar Kano tana jerin masu jiran gado tun 2007. A makwabciyarmu Nijar kuwa, tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga kundin a 2013.

To me ya faru da ganuwar da doka ta kare? Duk wanda ya bi gefenta ya ga amsar. A wasu wurare ta zama tudu mai ciyawa, a wasu an ɗebe ƙasarta an yi tubali, a wasu an yi gida a kanta ko an huda ta an fitar da hanya, a wasu kuma juji ne. Ƙofofin da ake gani a yau galibinsu sabon gini ne na siminti. Akwai yara a Tudun Wada da suka san Ƙofar Doka a matsayin tashar mota da cunkoso, ba su taɓa jin cewa da can ana rufe ta da dare ba.

Dalilin wannan lalacewa a bayyane yake. Ganuwa ba ta taɓa tsayuwa da kanta ba. A da, bayan an kawar da amfanin gona, sarki kan sa a yi gayyar gyaranta, a raba ta kashi-kashi ga masu sarauta da jama'arsu, a toshe inda ruwa ya ci, a ɗora inda ya zube. Ana yin haka ne domin rai da dukiya sun dogara da ita. Da Turawa suka karɓi Zariya a 1902, yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, dalilin gayyar ya gushe. Dokar da ta zo daga baya ta hana rushewa, amma ba ta maye gurbin gayyar da komai ba. Ginin ƙasa kuwa ba ya buƙatar mai rushe shi. A ƙyale shi damina ashirin ya isa. Hukuncin da dokar 1979 ta tanada ga mai lalata wurin tarihi shi ne tarar naira 1,000 ko ninki biyu na ƙimar abin, ko ɗaurin shekara guda. A wancan lokaci naira ta fi dala daraja. A yau naira 1,000 ba ta sayen rabin buhun siminti, ƙimar ganuwa kuma wa zai yanke ta?

Babbar asara ta biyu ita ce ta ilimi. Maginin Hausa ya san irin ƙasar da ta dace, ya san kwana nawa za a bar ta ta ruɓa da ciyawa kafin a murza tubali. Ya san makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, domin hana ruwa shiga bango da rufi. Ya san inda za a kafa indararo, ya san azarar giginyar da gara ba ta ci. Ya san kuma cewa tsohon bangon ƙasa yana numfashi: yana shan laima yana fitar da ita. Idan aka shafe shi da siminti, laimar sai ta maƙale a ciki tana cin bangon a ɓoye, fuska na sheƙi ciki na ruɓewa, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Dattawan da suka riƙe wannan sani suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun koma aikin bulo, tun da nan ne ake samun na cefane. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19. Gargaɗin bai tsaya a Zariya kaɗai ba.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce. Ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro da rashin matsuguni, wa ke da lokacin tsohon bango? Maganar tana da nauyi, kuma ba zan raina mutumin da ya gina ɗaki a gefen ganuwa domin ba shi da wani fili ba. Amma abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ya nuna cewa kula da tsohon gini magana ce ta rai, tun kafin a zo ga maganar tarihi. Kuma gyaran ginin ƙasa kuɗinsa a cikin gari yake tsayawa: mai haƙar ƙasa, mai jaki ko kura, mai ɗebo ruwa, mai kwaɓa, magini, duk 'yan unguwa ne. Wasu kuma na tsoron kada girmama kufai ya kai ga abin da addini ya hana. Ba wanda ya ce a nemi tabarraki da bango. Addininmu da kansa ya kwaɗaitar da mu lura da gurabun al'ummomin da suka shuɗe domin mu ɗauki izina. Mutanen Jenne a ƙasar Mali Musulmi ne, kuma kowace shekara gari gaba ɗaya ke fitowa ya yaɓe babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, cikin yini guda ana raha. Wannan gayyar ce ta sa yake tsaye.

Akwai kuma darasin gaskiya da Gore ke koyarwa. Senegal ba ta ɓoye ɓangaren tarihinta mai ɗaci ba, shi ta sa a gaba. Tarihin Zazzau ma yana da nasa: yaƙe-yaƙe, da hare-haren kamun bayi, da rinjojin da suka cika ƙasar a ƙarni na 19, kamar yadda M. G. Smith ya nuna a bincikensa kan sarautar Zazzau wanda aka buga a 1960. Ganuwa ta kare na ciki, amma na waje suna da nasu labarin game da ita. Idan za mu adana ta, mu adana ta da labarinta cikakke, domin 'ya'yan kowane ɓangare na Jihar Kaduna su ga kansu a ciki, su kuma fahimci inda wasu raunukanmu na yau suka samo asali.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran tallafin ƙasashen waje ba. Da farko a san abin da ya rage. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke garin nan tun 1962, tana da sassan koyar da zanen gine-gine da binciken kufai da safiyo da tarihi. Ɗalibanta na neman batun bincike kowace shekara. A ba su aikin bin ganuwa mita-mita, su auna, su ɗauki hoto, su fitar da taswirar inda take da rai da inda ta mutu, su lissafa tsofaffin masallatai da zauruka da halin da kowannensu ke ciki. A ajiye kwafi a fada, da ƙaramar hukuma, da ofishin hukumar kayan tarihi.

Na biyu, mu yarda cewa ba za a iya ceto kilomita 14 ba. A zaɓi sassa uku ko huɗu da suka fi sauran lafiya, a kafa musu iyaka da turaku, a hana sabon gini da ɗibar ƙasa a wurin, a mayar da su yadda suke da kayan aikin asali. Gara mita 500 da ke tsaye da kilomita 14 a takarda. Waɗanda abin zai shafa a zauna da su tun farko, kuma kada a tashi kowa ba tare da an ba shi madadi ba.

Na uku, masarauta ta farfaɗo da gayya. Rana guda a shekara bayan ɗaukewar ruwa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Magina, kowace unguwa da ƙofarta, da 'yan makaranta da ƙungiyoyin matasa. Garin da ke iya tara dubban mahaya da 'yan kallo a Hawan Sallah da Hawan Daushe ba zai kasa tara masu ɗaukar kwandon ƙasa ba, idan kiran ya fito daga inda ya dace.

Na huɗu, a ɗauki dattawan magina aiki da albashi, a haɗa kowannensu da matasa masu koyo, a kuma wajabta cewa kafin faɗuwar kowace damina, magini da injiniya su duba duk wani tsohon masallaci ko makarantar da jama'a ke taruwa a ciki, su rubuta abin da suka gani. Na biyar, 'yan majalisarmu na tarayya su nemi a sabunta dokar 1979, majalisar jiha kuma ta yi tata dokar wadda za ta hana ba da takardar fili a kan ganuwa. Na ƙarshe, kowace ƙofa ta sami mai kula da ita wanda ya san tarihinta, da allo mai bayani da Hausa, boko da ajami, da Turanci, makarantun firamare da sakandare na Zariya kuma su riƙa kai yara aƙalla sau ɗaya kafin su kammala.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin kilomita guda na titin kwalta. Abin da suke buƙata shi ne wanda zai ce nasa ne, ya kuma dawwama a kai, kamar yadda mutum guda ya dawwama a ƙofar Gidan Bayi shekara 47. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta kafin a same ta ranar buƙata. Kiran nawa yana zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da majalisarsa, da gwamnatin Jihar Kaduna, da hukumar kayan tarihi, da mu malaman jami'a: a fara da taswirar a wannan rani, kafin wata daminar ta rage mana abin da za mu auna. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da magabata suka bar mana.